Abin da ya kamata a duba kafin sayen maganin ƙwaron ciga na ciyawar gida

Duk wanda ya taɓa zama a kan ciyawar gidansa da yamma, ya wayi gari da jajayen ƙuraje masu tsananin ƙaiƙayi a idon sawu da ƙugu da bayan gwiwa, ba abin mamaki ba ne ya garzaya neman maganin feshi mafi ƙarfi. Sai dai gaggawar nan ita ce take sa a kashe kuɗi a inda bai kamata ba, domin ƙwaron ciga ba ya mamaye fili gaba ɗaya.

Ciga ɗan mitsitsin ƙwaro ne ɗan uwan kaska da gizo-gizo, launinsa ja ko ruwan goro, girman ƙananansa bai kai rabin milimita ba. Ba shi ne jiga mai shiga cikin fatar ƙafa ba, duk da kamannin suna. Ƙananansa masu ƙafa shida ne suke cizo. Manyan masu ƙafa takwas ba ruwansu da mutum. Ba ya shan jini, ba ya kuma nutsewa cikin fata: wani ruwa yake zubawa ya narkar da ƙwayoyin fatar ya tsotse, shi ya sa ƙaiƙayin ba ya tashi sai bayan wasu sa'o'i, kuma yakan ɗauki mako guda ko biyu. Yana son inuwa da danshi da doguwar ciyawa, kuma ya fi kuzari idan zafin ƙasa ya kai digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salsiyas.

Saboda haka, kafin a sayi komai, a nemi baƙin kwali a kafa shi a tsaye cikin ciyawa a wurare daban-daban, musamman gindin shinge da ƙarƙashin bishiyoyi. Bayan 'yan mintoci, idan akwai su, za a ga wasu ɗigo-ɗigo ja suna hawa da sauri suna taruwa a gefen sama. Sau da yawa wuri guda yakan cika da su alhali taku goma daga nan babu ko ɗaya.

A ganina, kuɗin farko a kan kayan gyaran fili ya kamata ya tafi, wato injin yankan ciyawa da almakashin datse rassa da manjagara. Idan ciyawa ta yi gajarta kuma rana ta ratsa har ƙasa, danshin da ƙwaron yake dogaro da shi yakan ƙafe. Kwashe tarin busassun ganye da itace kuma yana korar ɓeraye da ƙadangaru, waɗanda a jikinsu yake samun ainihin abincinsa. Aibin wannan hanya shi ne tana son haƙuri da maimaici, amma ita kaɗai ce take taɓa tushen matsalar.

Idan ba makawa sai an sayi magani, a karanta sunan sinadarin da ke jikin kwalba maimakon sunan kamfani. Waɗanda aka fi amfani da su sun haɗa da bifentirin da fametirin da kabaril, kuma ana samunsu iri biyu: na ruwa da ake fesawa, da mai tsaba-tsaba da ake barbazawa. Na ruwa ya fi dacewa da ciga, saboda yana manne wa ganyen ciyawa da ƙananan tsirrai inda ƙwaron yake laɓewa yana jiran mai wucewa. Mai tsaba ya fi sauƙin aiki kuma iska ba ta kwasarsa, amma yakan zube ƙasa, kuma galibi sai an bi shi da ban ruwa. Ko wanne aka zaɓa, tasirinsa na 'yan makonni ne, kuma yana da illar da dole a auna: wannan rukuni na magunguna yana kashe ƙudan zuma, bifentirin da fametirin guba ne ga kifi, fametirin kuma yana da haɗari ƙwarai ga kyanwa. Mai tafkin kifi ko mage a gida ya yi tunani sosai tukuna. A fesa wuraren da kwali ya nuna kawai, a hana yara da dabbobi takawa sai ya bushe.

Masu gudun sinadarai sukan koma ga garin farar wuta ko garin ƙasar dayatom, wato wata farar hoda ta ragowar ƙananan halittun ruwa. Farar wuta ta fi ƙarfi wajen kora fiye da kisa, tana da wari, kuma yawanta yana ƙara wa ƙasa tsami. Ƙasar dayatom busar da jikin ƙwaro take yi, amma da zarar ta jiƙe aikinta ya tsaya, alhali ciga a wurin danshi yake zama. Ban ga hikimar dogaro da ita ba.

Ɗaukar ƙwararrun masu feshi ya fi tsada, kuma ya fi amfani ga mai babban fili da ke maƙwabtaka da daji. A tambaye su sinadarin da za su zuba, da ko za su binciki filin kafin su fara.

Akwai kuma abin da ake saye domin jiki, wanda nake ganin bai kamata a rasa shi ba ko da an yi feshi: man shafawa mai sinadarin korar ƙwari da ake kira DEET a idon sawu da ƙugu, ko fametirin na tufafi, wanda ake fesa wa wando da safa kawai ban da fata. A cusa ƙafar wando cikin safa lokacin aikin ciyawa, da an shigo kuma a yi wanka da sabulu a goge jiki sosai, a wanke tufafin da ruwan zafi kafin a sake sa su.