Kilinik mai kyawun magani, amma sirrin marar lafiya yana yoyo a tagar labo

A watan Satumba, lokacin da masassarar damina ta cika asibitocin Damagaram, na ɗauki mahaifiyata a adaidaita daga Birni zuwa wata kilinik mai zaman kanta, bayan ta kwana uku tana fama da zazzaɓi da jiri. Ba zan ambaci sunan wurin ba. Mun kwana biyu a can, kuma kwanakin sun ishe ni in auna yadda ma'aikatansu ke riƙe amanar da doka da ladabin sana'a suka ɗora musu.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne ba a tsayar da mu a gaban mai karɓar kuɗi ba. Ma'aikaciyar jinya ta ga tsohuwa tana tangaɗi, sai ta kwantar da ita, ta auna jininta, ta huda yatsa domin gwajin zazzaɓin cizon sauro da na sukari, sannan aka ce in je in biya. Wannan haƙƙi ne, domin dokar hukunta laifuka ta Nijar tana hukunta wanda ya ƙi taimakon mutumin da ke cikin haɗari alhali yana da iko, amma duk wanda ya taɓa jinya ya san ba ko'ina ake fara duba marar lafiya kafin aljihunsa ba.

Lokotoron da ya duba ta ya cancanci yabo na musamman. Da Hausa ya yi mata bayani, a hankali, cewa zazzaɓin ya yi ƙarfi, kuma tunda tana amai, maganin haɗiya ba zai zauna ba, sai an yi mata allura ta jijiya tare da ƙarin ruwa. Da ya tambaya ko ta yarda, na yi saurin amsawa a madadinta kamar yadda muka saba, sai ya ce: "Malam, yi haƙuri, bari Inna ta amsa da bakinta, jikinta ne." Na ji kunya ƙwarai, domin shi ne da gaskiya. Takardar amincewa da Faransanci aka rubuta ta, amma ya fassara mata kafin ta dangwala yatsa. Haka kuma da ya rubuta ordonansi, wato takardar sayen magani, ya gaya mini cewa ina da damar sayen maganin a kowace farmasi, ba dole sai a tasu ba. Duk abin da na biya an ba ni rasit.

Inda wurin ya gaza shi ne tagar labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Taga ce ƙarama da ke fuskantar barandar da jama'a ke zaune, kuma saurayin da ke miƙa takardu yana kiran sunan mutum da ƙarfi, sannan ya bi da sakamakon gwajinsa, kamar mai shela a kasuwar Dole. A gabana ya kira wata matashiya, ya faɗi abin da gwajin fitsarinta ya nuna, mutum fiye da goma suna ji, har wasu mata biyu suka haɗa ido. Damagaram gari ne da kowa ya san gidan kowa, kuma magana irin wannan tana iya rigan mai ita isa gida, ta shiga kunnen miji ko suruka kafin ita kanta ta shirya faɗa. Dokar da na ambata ta tanadi ɗauri da tara ga lokotoro, ungozoma, mai farmasi da duk wanda ya tona sirrin da ya sani ta hanyar aikinsa. Ba na zaton saurayin mugunta yake yi. Sabawa ya yi da hakan, kuma laifin yana wuyan shugabannin da suka bar shi a kai.

Na kai kuka wurin majo, wato shugaban ma'aikatan jinya. Ya saurare ni da ladabi, ya ce za su gyara. Washegari na tarar ana ninke takardun kafin a miƙa, amma karnen marasa lafiya, wato littattafan jinyarsu, suna nan buɗe a kan teburin baranda, duk mai wucewa yana iya leƙawa.

Game da kuɗi, wurin ya fi asibitin gwamnati tsada nesa ba kusa ba, musamman tun daga Satumbar 2024 da aka rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati, ga kuma yara ƴan ƙasa da shekara 5 da dokar 2006 ta yafe musu biya. Abin da mutum ke saye a nan shi ne gajeren layi, ɗaki mai tsabta da lokotoro mai lokacin yin bayani. Inna ta warware, kuma za mu koma bayan mako biyu domin a sake auna sukarinta. Na riga na roƙi lokotoron ya sa a kai takardar sakamakon ofishinsa, mu karɓa daga hannunsa.