Takarda zuwa Tawa: abin da suke kira burs a Amurka

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya da Inna da dukkan mutanen gida. Yaya zafin bazara? Allah ya kawo damina lafiya. Na saurari saƙon muryarka na WhatsApp har sau uku, wanda ka ce wani mutum a Yamai ya yi maka alƙawarin samar wa yaronka burs a Amurka in ya ci bak, muddin ka sayar da shanu huɗu ka biya kuɗin takardu. Ban ba ka amsa nan take ba, don maganar ta fi ƙarfin saƙon minti biyu. Kuma ta zo daidai lokacin da mu ma muka fito daga cikinta, saboda ɗiyarka babba ta wajena ta gama lise a bana, makarantu uku sun karɓe ta, kowacce ta aiko da takardar abin da take kira taimako. Bari in gaya maka abin da idona ya gani.

Da farko mu daidaita lissafi. In na ce dola, kuɗin Amurka nake nufi, ba dalarmu ta gida ba mai tamma biyar. A wannan wata na Mayun 2025 dola ɗaya tana kusa da sefa 580.

A gida, in aka ce ɗalibi ya samu burs, kowa ya san ma'anarta: gwamnati ce ke ba shi kuɗi a hannu, ya biya ɗaki da abinci, kuma babu ranar da za a ce ya maido. A nan kuwa kalma ɗaya suke yi wa abubuwa huɗu lulluɓi da ita. Akwai kyauta ta gaskiya wadda ba a biya. Akwai bashin da ake ɗora wa yaro. Akwai aikin da yaro zai yi a cikin makaranta a biya shi a kan awa. Akwai kuma bashin da ake ɗora wa uba. Duk a takarda ɗaya, a jere, a ƙarƙashin kalmar taya murna.

Kafin ma takardun su zo sai da muka cike fom ɗin gwamnatin tarayya, FAFSA. Abin da yake dubawa shi ne harajin da ka bayyana shekara biyu baya, wato namu na 2023. Ni da ƙanwarka, da aikina na sito da kitsonta, abin da muke samu bai kai dola 60,000 ba, mu biyar a gida. Saboda haka yarinya ta cancanci cikakkiyar kyautar tarayya da ake kira Pell, dola 7,395 a shekara. Amma fom ɗin nan bai da layi ko ɗaya da ke tambayar abin da mutum ke aikawa ƙasarsu. Maganin Inna, buhunan hatsi lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin lakwal na ƴaƴan marigayi, duk a idonsu kuɗi ne da ke cikin aljihuna. Iyali a wurinsu yana ƙarewa ne a bakin ƙofar gida.

Takarda ta farko daga wata jami'a mai zaman kanta ta zo, a wata jiha. Ambulan mai kauri, da hoton ciyawa kore shar da manyan gine-gine. Ɗiyarka ta yi ta tsalle, ta ce Baba sun ba ni komai, dubi ƙasa, sifiri ne. Na duba, lallai sifiri ne. Kuɗin shekara gaba ɗaya, da karatu da ɗaki da abinci da littattafai, dola 82,000, taimakon da suka jera shi ma 82,000. Har na fara hamdala. Sai da dare, bayan isha, na zauna da biro da bayan ambulan na bi layin ɗaya bayan ɗaya. Kyautar makarantar 38,000. Pell 7,395. Waɗannan biyu kaɗai ne kyauta. Sai 5,500 bashin yarinya, wanda shi ne iyakar abin da gwamnati ke ranta wa ɗalibin shekarar farko da ke ƙarƙashin iyayensa. Sai 2,500 na aikin makaranta, kuɗin da babu shi sai ta nemi aikin, ta samu, ta yi awoyin. Sauran 28,605 kuma sun rubuta shi da sunan Parent PLUS, wato ni zan ci bashin. Abin da ke kanmu a gaskiya dola 36,605 ne, sama da sefa miliyan 21, a shekara ɗaya tak. Ka ninka huɗu.

Yaya, barci ya ƙi zuwa a daren nan. Yawan kuɗin bai dame ni ba kamar yadda aka shirya takardar don mutum ya ga sifiri ya sa hannu. Ni da na yi lise na iya lissafi na kusa faɗawa, ina ga ɗan'uwanmu da ke fita aiki tun asuba, ya dogara ga yaro mai shekara 17 ya fassara masa?

Sannan bashin nan da ruwa yake. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ruwan bashin ɗalibi kashi 6.53 cikin ɗari ne, na iyaye kuma 9.08, kuma tun kafin kuɗin su shiga makaranta ana cire wa uba fiye da kashi 4 a matsayin ladan bayarwa. A cikin 5,500 na yarinya, 3,500 ne kawai gwamnati ke ɗauke wa ruwa muddin tana karatu, sauran yana haihuwa tun ranar farko. Ko mutum ya karye ya je kotu, bashin karatu da wuya ake yafe shi. Mutum sama da miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a ƙasar nan, jimlarsa ta haura dola tiriliyan ɗaya da rabi. Akwai abokin aikina Ba'amurke, furfura ta cika masa kai, har yau yana biyan na karatun da ya yi yana saurayi. Ka san tarbiyyar da Baba ya yi mana a kan riba. Na sha zama da ƴan'uwa a masallaci bayan Juma'a a kan wannan magana, wasu sun ci bashin bisa lalura, ban kuma zarge su ba, kowa ya san nauyin da ke wuyansa. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba.

Akwai kuma ƙananan rubutu a bayan takardar. Kyautar 38,000 ɗin tana da sharaɗi, in makinta ya sauka ƙasa da abin da suka yanka, a janye. Kuma adadinta a tsaye yake shekara huɗu, alhali kuɗin makarantar kusan kullum hawa yake.

Takarda ta biyu daga jami'ar jiha ce a wani gari na nan Karolina ta Arewa. Kuɗinta 26,000, kyauta ta gaskiya 16,000 in an haɗa Pell da na jiha da na makarantar, saura 10,000 a kanmu, mafi yawansa ɗaki da abinci. Na rubuta musu takardar roƙo, na haɗa da rasit na kuɗin da nake aikawa gida, domin doka ta ba ofishin taimakon kowace makaranta damar sake duba halin iyali. Sun amsa cikin ladabi, sun ƙara 1,500. Na gode musu, amma ba ta rufe ramin ba.

Ta uku jami'ar jiha ce a nan cikin Greensboro, inda muke da guda biyu, UNCG da A&T. Kuɗin karatu zalla bai kai 8,000 ba ga ɗan jiha. Pell da kyautar jiha sun rufe shi har da ragowar littattafai, tunda a gida za ta kwana, tuwon uwarta za ta ci. Ranar 1 ga Mayu, wadda ita ce ranar da yawancin makarantu ke son amsa, ita muka zaɓa. Ba zan ɓoye maka ba, yarinyar ta yi kuka kwana biyu. Ƙawayenta za su tafi nesa, ita kuma bas ɗin gari za ta shiga. Na ajiye mata bayan ambulan ɗin nan a gabanta, na ce ta yi lissafin da kanta, ta kuma nemo albashin ma'aikaciyar jinya sabuwar fita, tunda aikin da take so ke nan. Da ta gama ta yi shiru, can ta ce Baba mu tura musu amsa. Na ji tausayinta ƙwarai, har yanzu ina ji.

Kada ka ɗauka duk ƙasar tarko ce. Akwai alheri na gaske ga wanda ya san ƙofa. Jihar nan tana da tsarin NC Promise, jami'o'i huɗu, Elizabeth City da Fayetteville da Pembroke da Western Carolina, inda kuɗin karatu dola 500 ne a zango ga ɗan jiha. Kwalejin shekara biyu ta unguwa dola 76 ce a kan kowane kiredi, wato ma'aunin da suke ƙirga awoyin darasi da shi, can nake tunanin kai ƙaninta. Jami'ar Chapel Hill ta ɗauke kuɗin karatu ga ƴan jihar da iyayensu ke samun ƙasa da 80,000 tun 2024, Duke kuma tun 2023 ta yi haka ga iyalan Karolina ta Arewa da ta Kudu masu samun 150,000 zuwa ƙasa. Wani lokaci makarantar da ta fi kowacce tsada a takarda ita ce mafi araha ga talaka, in ta ɗauke shi. Ɗaukar ce ke da wuya.

To, ga inda maganar ta shafe ka. Duk abin da na lissafa, Pell da na jiha da ma bashin gwamnatin, na ɗan ƙasa ne da mai katin zama na dindindin da wasu ƴan gudun hijira. Yaron da ya taso daga Tawa da bizar ɗalibi ba shi da ko sisi a ciki. A jami'ar jiha kuɗin baƙo zai biya, ninki biyu ko uku na ɗan jiha. Kafin a ba shi takardar I-20 da zai nemi biza da ita, sai an nuna kuɗin shekara guda cur a banki. In ya zo, aikin da doka ta yarje masa na cikin makaranta ne, awa 20 a mako lokacin karatu, wanda da ƙyar zai ci abinci da shi. Akwai ƴan makarantu ƙalilan, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst, masu ɗaukar baƙo ba tare da duba aljihunsa ba, su kuma biya masa abin da ya gaza. Amma Harvard a cikin mutum ɗari masu nema wajen huɗu kawai take ɗauka, kuma babu ɗayansu da ke bi ta hannun dillali. Burs ta gaskiya ba a sayenta. Wanda ya ce ka kawo kuɗin shanu huɗu, ko dai takardar karɓa kawai zai kawo maka, wadda ƙananan makarantu da yawa ke bayarwa cikin sauƙi, ko kuma ragin dola 10,000 a kan kuɗin da ya kai 50,000, ya kira shi burs.

Shawarata, in Allah ya ba shi bak da maki mai kyau, ya ajiye takardunsa a ANAB, hukumar burs ta Nijar, ya nemi burs ta gida ko ta ƙasashen da ke ba Nijar gurabe, irin su Maroko da Aljeriya. In ba ta samu ba, ga Jami'ar Djibo Hamani a ƙofar gidanku, da sashen shari'a da tattalin arziki, ga kuma Abdou Moumouni a Yamai. Abin da za ka kashe masa a shekara uku na lisans bai kai kuɗin zango ɗaya na baƙo a nan ba. Ya dage da Turancin Ingilishi tun yanzu, ni zan ɗauki nauyin kuɗin darasin da na jarrabawar Turanci ta TOEFL. Ƙofar da ta fi buɗewa baƙo a Amurka ta karatun gaba da lisans ce, musamman dakta a fannin kimiyya, inda jami'a ke yafe kuɗin karatu ta kuma biya ɗalibi albashi don ya taya malamai koyarwa ko bincike. Akwai kuma Fulbright, burs ta gwamnatin Amurka. Shawarar EducationUSA, ofishin Amurka mai ba masu neman karatu shawara, kyauta ce, ba a biyan ko dala.

Na san yaron zai ji kamar baffansa ne ya tare masa hanya, shi da ke ganin hotunan ƴan'uwansa a Facebook. Ka ba shi wannan takarda ya karanta da kansa, ya kuma kira ni ranar Lahadi, ita ce ranar da ba na aiki. Shi kuma mutumin Yamai, ka ce ya ba ka takardar makarantar mai ɗauke da suna da adadi, ka ɗauki hotonta gaba da baya ka turo mini. Zan kira makarantar da bakina in ji. Kafin nan kada saniya ko ɗaya ta bar garke.

Kuɗin ragon layya na Inna suna tafe ƙarshen mako. Ka gaishe ta, ka ce jikarta na neman addu'a, watan Agusta za ta fara.