Man goge bakin yara: mai fulorayid ko marar shi?

'Yar'uwa, tsakanin biyun nan da kika tambaya, ɗauki mai fulorayid (sinadarin da ke ƙarfafa haƙori) kawai.

Marar fulorayid ɗin na taɓa saya wa babban ɗana, don an rubuta a kwalin ko an haɗiye ba komai. Yana da ƙamshi, yaro kuma ya so shi, iyakar yabon da zan yi masa ke nan. Yana shekara 3 na ga wani fari-fari kamar alli a gindin haƙoransa na sama, dab da dasashi, na ɗauka haske ne. Kafin in farga biyu sun yi kogo, sai da aka yi ciko yana ta kuka. Ban ɗora wa man duk laifin ba, ni ce ke barinsa ya yi barci da fidar madara a baki.

Ƙanwarsa kuwa tun haƙorin farko, tana wata 7, na fara mata da mai fulorayid 1000 ppm (ppm shi ne ma'aunin yawan fulorayid da ake rubutawa a kwali). Nakan kwantar da kanta a cinyata, in ɗaga leɓenta na sama da yatsa, in bi gindin haƙoran a hankali, safe da dare. Da farko cizon buroshin take yi tana dariya. Yanzu shekararta 5, ita ke kawo min buroshi idan na manta, kuma da likitan haƙori ya duba bai ga ko ɗigo ba.

Ƙwayoyin cutar baki ne ke cin zaƙi su fitar da asid mai zaizaye haƙori, fulorayid kuma yana ƙarfafa wurin da ya fara zaizayewa. Shi ya sa farin tabon nan kan iya gyaruwa in an kama shi da wuri, amma kogo ba ya rufewa da kansa, sai likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa man goge baki mai fulorayid cikin jerin muhimman magunguna a 2021.

In haɗiyewa kike tsoro, yawan za ki kula da shi. Ƙasa da shekara 3, ɗan shafe kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake. Ya tofar, kada ya kurkure. Ki ajiye man inda hannunsa ba ya kaiwa.

Ki yi hattara da masu sayarwa kuma. Wani zai rantse miki akwai fulorayid, ki juya kwali da kanki ki nemi lambar ppm da ranar lalacewa; babu lamba, ajiye masa kayansa. Masu tallan "maganin fitar da tsutsar haƙori" kuwa kuɗinki suke so, babu wata tsutsa a ciki. Kuma kada a ce miki ki ƙyale haƙoran ai zai yi famfara, turamen baya sai wajen shekara 10 zuwa 12 suke faɗuwa.