Filasha ta da ko ta ilektronik? Amsa ga mai Land Rover

Ɗan uwa da ya ce tsohuwar Land Rover ɗinsa Series III hazad (fitilun sigina huɗu masu ƙiftawa tare) na yi amma sigina hagu da dama duk shiru, yana tambayar ko ya sayi filasha, wato 'yar na'urar da ke sa fitilar sigina ƙiftawa, irin ta da ko ta ilektronik, to bari in jera maka su, amma kar ka yi saurin zuwa kasuwa.

Ta da ɗin da zafi take aiki. Wani siririn ƙarfe ne a ciki, wuta ta bi ta kansa ya yi zafi ya lanƙwashe ya yanke, ya huce ya koma, shi ne ƙas-ƙas ɗin nan. Shi ya sa sai ta samu nauyin da aka yi ta dominsa, gulob biyu masu wat 21 a kowane gefe. Gulob ɗaya ya mutu, ko batir ya yi sanyi, sai ka ga tana jan ƙafa ko fitilar ta tsaya cak a kunne. Ni ina son wannan halin nata, don ita da kanta take tona matsala. Amma ka sa mata LED ba za ta motsa ba, wutar da yake ja ba ta isa ta ɗumama ƙarfen.

Ta ilektronik kuwa babu ruwanta da zafi, bugunta daidai yake ko batir ya ɗan sauka, ƙa'idar dai sau 60 zuwa 120 a minti. Saidai iri biyu ce fa. Akwai wadda ke ƙara sauri idan gulob ya mutu, wannan da LED rawar jiki kawai za ta riƙa yi, akwai kuma wadda aka rubuta LED a jikinta, ita kam ko fitilar baya ta mutu ba za ta gaya maka ba, sai ka zagaya ka duba. Ka kuma ƙirga ƙafafun filasharka, biyu ne ko uku, wasu sababbin suna son at, wato wayar da ake ɗaurawa a jikin ƙarfen mota, tasu daban.

Kenan gulob na asali, ka bar ta da. LED, ka sayi mai LED.

Amma wallahi zargina ba kan filasha yake ba. Tunda hazad na kunna duk huɗun, gulob da wayoyinsu lafiya lau. A irin wayarin na Lucas, hazad daga batir yake cin wuta kai tsaye, sigina kuwa sai an murza ki, wato makullin mota, kuma galibi wutar siginar ta cikin makunnin hazad take ratsawa kafin ta kai filasha, makunnin da ake shekara ba a taɓa ba, ga ƙura ga tsatsa. Ka kunna ka kashe shi kamar sau ashirin, sau da yawa nan take sigina ke dawowa. In bai yi ba, duba fis, sannan ka murza ki ka ɗora testa a koriyar wayar da ke shiga makunnin hazad, a kuma bakin filasha. Wuta ta shiga makunni ba ta fito ba, ka kama ɓarawo. In ta kai filasha, cire wayoyin biyu ka haɗa su ka buga sigina, fitila ta kama tsaye to filashar ce ta mutu, ba ta kama ba sai a koma makunnin sitiyari. A wayoyin sigina, kore da ja hagu ne, kore da fari dama, idan dai mai wayarin bai riga ya hautsina kalolin ba.