Faifan Bohemian Rhapsody na 1975: waƙar minti shida a gurbin ta minti uku

Tsohon faifan garmaho na Bohemian Rhapsody, waƙar ƙungiyar Queen, na saya daga wani dillalin tsofaffin faya-fayai a intanet. Bugun kamfanin EMI ne mai lamba 2375, ɗan ƙarami mai inci 7 da ke juyawa sau 45 a minti, waƙa ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Bai yi tsada ba, kuɗin aikowa ma ya fi kuɗinsa, domin a Birtaniya kaɗai an sayar da fiye da miliyan ɗaya a watannin farko. Masu tsadar gaske su ne shuɗayen nan guda 200 da kamfanin ya buga a 1978, waɗanda sai masu hannu da shuni.

Abin da kunne zai fara lura da shi shi ne sautin ya yi ƙasa. Tsawon waƙar minti 5 ne da daƙiƙa 55, alhali irin wannan faifai an saba ɗora masa waƙar minti uku ne ko kusa da haka. Kafin ta shiga, dole a matse layukan da allura ke bi, in kuwa aka matse su sai an rage ƙarfin amo. Da na ƙara murya, sai ƙaraf-ƙaraf ɗin tsufa ya taso tare da ita, ga shi waƙar da muryoyi zalla take farawa, sannan fiyano, babu ganga balle ta rufe asiri. Dillalin ya rubuta cewa faifan kamar sabo yake. Ba haka na same shi ba. Can wajen ƙarshe kuma, inda jitar Brian May ke ɓarkewa, allura ta riga ta kusa tsakiya, wurin da amo ya fi shaƙewa a kowane faifai, sai na ji kaifin ya ɗan dushe.

Duk da haka ban ga laifin matsewar ba, don ita ce tarihin waƙar. Mutanen harkar sun yi ta cewa babu gidan rediyon da zai sa waƙa mai wannan tsawo, a rage ta. Queen suka ƙi. Sai wani mai gabatar da shiri a Capital Radio ta Landan, Kenny Everett, ya samu kwafi tun ba a fitar ba, ya sa ta sau 14 cikin kwana biyu, jama'a suka dinga zuwa kantuna neman abin da bai iso ba tukuna. Ranar 31 ga Oktoba 1975 aka sake ta ba tare da an yanke komai ba, ta yi mako tara a matsayi na ɗaya a Birtaniya.

Inda faifan nan ya biya ni kuɗina shi ne tsakiyar waƙar, sashen da ake kira opera. An fara naɗar waƙar ranar 24 ga Agusta 1975 a sutudiyon Rockfield, wata gona kusa da Monmouth a yankin Wales, aka ƙarasa a sutudiyoyin Landan, Roy Thomas Baker yana jagorantar aikin tare da su. Taron muryoyin nan da za ka rantse mutum ɗari ne, mutum uku ne kacal: Freddie Mercury da May da Roger Taylor. John Deacon, ɗan ƙungiyar na huɗu, bai sa baki ba. Na'urar lokacin layi 24 gare ta, saboda haka sai su rera, a haɗe muryoyin a layi ɗaya, a sake rerawa a kai, har sashen ya ci kusan mako uku. May ya sha faɗin cewa tef ɗin ya goge har ana hango haske ta cikinsa. A nan amon ya yi kauri sosai, ƙaraf-ƙaraf ya ɓace, muryoyin suna amsa wa juna daga lasifikar hagu zuwa ta dama.

Bayan faifan kuwa waƙar Taylor ce, I'm in Love with My Car. Ni dai ba ta burge ni can ba, amma ta fi ta gaban fita tas, ga alama mai faifan na farko bai cika juya shi ba. Marubucin waƙar baya yana samun kaso daidai da na gaba a cinikin faifai, kuma wannan ya jawo 'yar tsama a tsakaninsu shekara da shekaru. Mai son wannan haɗi sai bugun 1975, domin wanda aka sake fitarwa a Disamba 1991, bayan rasuwar Mercury, da These Are the Days of Our Lives aka haɗa shi, ya kuma ƙara mako biyar a sama.

In sauraro kawai kake so, nemi babban faifan Queen da waƙar ke ciki, A Night at the Opera, ko ka ji ta a waya, sun fi wannan tsabta nesa ba kusa ba. In kuwa ƙaramin kake so ka ajiye, kada ka biya sai dillali ya naɗo maka minti ɗayan farko ka ji da kunnenka.