Bawul ɗin Prince LS-3000 a injin faskarena: bayan wata takwas

Sana'ata walda ce a Kaduna, amma kusan shekara biyar ke nan ina haɗawa da kai wa gidajen burodi da masu suya itace. Faskare shi ne ciwon kan wannan harka. Guntun marke ko kirya mai kauri yakan cinye wa mai gatari rabin safiya, ranar da masu faskaren ba su zo ba kuwa an tashi ciniki. Shi ya sa na haɗa inji da kaina: ƙarfen bim daga Panteka, silinda mai faɗin inci 4 da tafiyar inci 24, injin fetur mai ƙarfin doki 6.5, da famfo mai mataki biyu da ke tura man haidirolik galan 11 a minti. Bakin gatarin na yanko shi daga farantin ƙarfe mai kauri, na wasa shi da garanda.

Duk wannan bai ba ni wahala kamar bawul ba, wato na'ura mai hannu da ke sarrafa inda mai zai bi zuwa silinda. Na farko da na saya ba shi da suna ko lamba a jikinsa, na tsohon inji ne. Yana tura silinda gaba da baya, to amma ba shi da abin rage matsin mai idan ya wuce kima. Ran nan gatari ya ci karo da gaɓar kirya, inji ya yi gurnani, tiyo ya fashe, mai ya wanke bangon shago. Allah Ya kiyaye, babu kowa a gefen. Daga ranar na rufe injin har ƙanina ya taho mini da Prince LS-3000 daga Amurka.

Wannan bawul don injin faskare aka ƙera shi musamman, kuma da ka riƙe hannunsa za ka gane. Yana ɗaukar har galan 25 a minti, wato wajen lita 95, da matsi har psi 2,750 (psi ma'aunin matsi ne). Idan hannun yana tsakiya, mai na wucewa ya koma tanki salin alin, inji ba ya shan wuya. Idan ka tura gaba sai ka ci gaba da riƙewa, kana saki sifirin ya mayar da shi tsakiya, gatari ya tsaya cak. Idan ka ja baya sai ya maƙale da kansa, silinda ta koma gida, tana kaiwa ƙarshe matsi ya tashi, hannun ya yi ƙas ya dawo tsakiya. A wannan tsakani kai ka riga ka sunkuya ka ɗauko wani guntun. Ba tare da itace ba, zuwa da dawowa daƙiƙa 13 ne ko kusa da haka a nawa injin.

Tsayawar nan da yake yi idan an saki hannu ita ta fi komai muhimmanci a wurina, domin yara biyu ke aiki da injin, ɗaya ɗan yayata ne. Ranar da na fara haɗawa na juya tiyo biyun da ke zuwa silinda, sai ya zama maƙalewar tana faruwa a tafiyar gaba, gatari na tafiya shi kaɗai babu mai riƙe da shi. Nan take na kashe inji na musanya su. Wani maƙwabcina ya ce, “Maigida, ai da ka bar shi haka, aikin zai fi sauri.” Na ce masa saurin da zai ci yatsun yaro ba na so. Duk wanda ya haɗa irinsa ya gwada wannan kafin ya ɗora itace ko guda.

Sai maganar saiti. Kamfanin na saita abin rage matsin a psi 2,250. A silinda mai inci 4, wannan ya kai ƙarfin tan 12 da ɗoriya, kuma ya ishi darbejiya, mangwaro da turare. Marke ma yana fashewa, sai dai za ka ji famfo ya sauya mataki, tafiyar ta ragu sosai, ƙarfin ya ƙaru. Na sa geji a bakin da mai ke shiga bawul ɗin, na kai silinda ƙarshenta, na riƙe daƙiƙa biyu ina kallon allura. A haka ake gane inda yake sakin mai. Ana ƙara matsi ta hanyar ɗaure sukurun ciki, ana ragewa ta sassauta shi, kwata-kwatan zagaye. Na taɓa ɗaga shi zuwa 2,500 saboda kirya, na ji injin na neman mutuwa, na dawo da shi yadda ya zo. Gaɓar da ta ƙi, juya ta nake yi in ci ta daga gefe. Ban yarda mutum ya taɓa sukurun nan da ka ba, babu geji, domin tiyo da silinda kowanne na da iyakar abin da zai ɗauka.

Matsin da ke sakin hannu a dawowa shi ma ana saita shi, tsakanin psi 1,000 da 2,000. Ban taɓa nawa ba. A sanyin hunturu, da sassafe, mai kan yi kauri, sai in bar inji ya yi ɗumi minti biyar kafin a fara.

Abin da mai saye zai shirya masa shi ne tiredi, wato haƙoran da ake ɗaura kan tiyo a kansu. Bakunan bawul ɗin NPT ne irin na Amurka, inci uku bisa huɗu a shiga da fita, rabin inci a na silinda, alhali yawancin kan tiyo da na samu a kasuwa BSP ne irin na Birtaniya. A ido kamar ɗaya suke, har sukan fara shiga juna, amma kusurwar haƙoransu ta bambanta, mai zai riƙa tsattsafowa. Sai da na yi kwana biyu ina yawo kafin na haɗa mahaɗan da suka dace. Kada kuma a cika farin tef a wurin, guntunsa kan shige cikin bawul ya hana shi rufewa. Idan ana neman inda ke yoyo a kara kwali, kada a shafa da hannu, domin mai a wannan matsin yana huda fata, kuma raunin na asibiti ne na gaggawa.

Zafinmu ma abin lura ne. A watan Afrilu tankin ya yi zafin da ba ya taɓuwa, na koma man haidirolik mai lambar kauri 68, na ƙara girman tankin, na sa filta a hanyar dawowa, na yi wa injin rumfa.

Kuɗinsa ya ninka na wancan tsohon sau da yawa, ban da ɗawainiyar kawo shi, kuma na tanadi robobin ciki na canji tun yanzu don ban gan su a nan ba. A wata takwas ɗigo ɗaya bai zubar ba, hannun bai yi lako-lako ba. Wani mai gidan burodi a Rigasa ya nemi in haɗa masa irin injin, na ce masa sai bawul da geji sun iso hannuna zan fara yanka ƙarfe.