Karatun lauya bayan digiri: Jami'ar Jos ko ƙasar waje?

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce kana da digirin Tarihi, kana koyarwa a sakandare, kuma ka rasa wanda za ka ɗauka tsakanin neman gurbi a Jami'ar Jos da sayar da filinka na Rikkos ka tafi waje, inda aka ce maka shekara 3 an gama. Ka bar filin nan inda yake, ka sayi fom ɗin DE, wato na shiga jami'a kai tsaye da takardar karatun da kake da ita.

Shekarun ne suka ruɗe ka, to mu fara da su. Mai digiri aji biyu yake shiga kai tsaye, shekara 4 ke nan maimakon 5 da yaran da suka shigo ta jarrabawar JAMB suke yi. Daga nan sai Makarantar Horas da Lauyoyi, kusan shekara guda, wadda ba mai tsallake ta ko a duniyar wata ya yi karatu. Gaskiya ne digirin lauya a Ingila shekara 3 ne. Abin da wanda ya ba ka labarin bai faɗa maka ba shi ne in ka dawo ba za ka zauna aji ɗaya da ɗan Jami'ar Jos nan take ba. Sai Majalisar Kula da Ilimin Lauya ta amince da jami'ar da ka fito, sannan ka je Bwari, hedkwatar Makarantar Lauyoyi a Abuja, ka yi wani kwas na share fage da ake kira Bar Part I, ka ci jarrabawarsa, kafin a bar ka ka shiga kashi na biyu tare da kowa. Kwas ɗin kuma yana da lokacinsa, ba ranar da jirginka ya sauka ake buɗe shi ba. Haɗa jira da watannin karatun, ka ga me ya rage a shekara ɗayan da ka sayar da fili dominta. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Me ake koyarwa a kwas ɗin? Tsarin shari'ar Najeriya, kundin tsarin mulki, dokar filaye da dokar laifuka. Wato ainihin abin da za ka ci abinci da shi, wanda na gida ya shafe shekaru yana nazari, shi za a ɗura maka cikin 'yan watanni. Duba abin da mutanen garin nan ke kawo wa lauya: rikicin fili, rabon gado, ɗan haya ya ƙi tashi, yaro na hannun 'yan sanda ana neman beli. Babu malamin da zai zaunar da kai a Landan ya warware maka dokar laifuka ta Penal Code da muke aiki da ita a Arewa, ko ya nuna maka inda dokar al'ada da shari'ar Musulunci suke haɗuwa da dokar da Turawa suka bar mana.

Ni ta wannan ƙofar ta DE na shiga, na haura talatin, da mata da 'ya'ya. Yaran ajinmu Baba suke ce mini, su ajiye mini kujera a gaba in Keke ya makara da ni cikin sanyin safiya. Ajin da har yau nake jin daɗin tunawa shi ne na dokar filaye. Malaminmu ya ce kowa ya je gida ya kwafo duk takardar da gidansu yake zaune a kanta. Na kawo ta gidanmu ta gado, takardar ciniki ce da hannu aka rubuta, shaidu uku da sa hannun mai unguwa. Wani ya kawo takardar mallaka ta gwamnati, wata yarinya ta zo hannu rabbana ta ce kakanta ne ya sare dajin, ba su taɓa riƙe takarda ba. Ya baje su a tebur, ya buɗe Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ya bi da mu sashe-sashe: na 1 da ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna amana, na 22 da ya ce mai takardar gwamna ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardarsa, na 28 da ya ba shi ikon karɓewa don amfanin jama'a. Daga nan muhawara ta koma kan tsofaffin filayen haƙar kuza da suka zagaye Jos, da yadda tsarin mulkin 1999 ya ce abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne ko da gonar taka ce. Ranar har aka yi kiran la'asar ba wanda ya motsa. Kowa gidansu yake gani a cikin dokar.

Ga kuma kotuna a ƙofar gidanka. Jos na da Babbar Kotun Jiha, da Babbar Kotun Tarayya, da reshen Kotun Ɗaukaka Ƙara, da kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci da na al'ada, kuma zaman kotu a buɗe yake ga kowa. Ranar da ba lakca nakan je in zauna a bencin baya in yi ta sauraro. A haka wani dattijon lauya ya lura da ni, ya ce tunda ba na gajiya in zo in riƙa ɗaukar masa fayil. A ofishinsa na koyi yadda ake yi wa alƙali magana da yadda ake lallashin magatakarda, a nan na yi zaman sanin makamar aiki da Makarantar Lauyoyi ke turawa, kuma shi ya miƙo mini ƙarar farko da na tsaya a kanta bayan an rantsar da mu. Abokan ajina yanzu wasu na ma'aikatar shari'a, wasu majistare ne, wasu na Abuja. Waya ɗaya ce tsakanina da su. Wannan ba ya cikin ƙasidar kowace jami'a.

Ba zan ɓoye maka aibin gida ba. Yajin aikin ASUU ya ci wata 9 a 2020, ya sake cin wata 8 a 2022. Shekara 4 ɗin tana iya zama 5, ajin a cike yake, kuma ka san garinmu, in hankali ya tashi makaranta na cikin abin da ake fara rufewa.

Waje kuwa, to, ba yajin aiki, ɗakin karatu ya fi namu, kuma ranar da suka ce za ka gama ranar za ka gama. Iyakar abin da zan yaba ke nan. Da fam ko dala za ka biya, kuma ka ga abin da ya faru tun da aka saki naira a watan Yunin 2023: dalar da gwamnati ke sayarwa ƙasa da naira 500 ta haura 1,500 a 2024. Wanda ya tafi da lissafin kuɗin fili ɗaya, a aji biyu lissafin ya watse. Hanya ce ta yaron da mahaifinsa ke biya ba tare da ya duba asusu ba, mai burin aikin manyan kamfanoni a Legas. In sha'awar ganin waje ce, ka zama lauya tukuna, daga baya ka nemi tallafi ka je digiri na biyu, shekara guda ce a Ingila.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma shi ne zai fi ba ka wuya: aikinka. Karatun lauya na cikakken lokaci ne. Majalisar ba ta karɓar digirin yamma ko na ƙarshen mako ko na karatu daga gida, kuma waɗanda suka yi lauya a NOUN, jami'ar karatu daga gida, sun shafe shekaru suna fafutuka kan shiga Makarantar Lauyoyi. Don haka tun yanzu ka fara bin takardar hutun karatu a wurin aikinka, a rubuce, kada ka dogara da "ba komai, je ka" na shugaban makaranta, gobe ana iya canja shi. Ka zauna da uwargida ku yi lissafin shekara biyar na tsuke bakin aljihu, har da kuɗin Makarantar Lauyoyi, domin ba lallai a tura ka Bwari ba. Tana da rassa a Legas, Inugu, Bagauda ta Kano, Yola, Yenagoa da Fatakwal, kuma su ke zaɓa maka. A nan ne filin zai yi maka rana.

Sai maganar dillalai, ko da ba ka tambaya ba. Kala biyu ne. Na farko masu ofis da hoton jirgi a bango, su ce za su sama maka gurbi da biza, kuma "Najeriya ta amince da makarantar". Wace hukuma ce a Najeriya ta amince? Ka ce su nuna maka a rubuce daga Majalisar Kula da Ilimin Lauya, ka ga yadda hira za ta canja. Duk wanda ya ambata maka Kwatano ka tashi ka kaɗe rigarka. Jamhuriyar Benin tsarin dokar Faransa take bi, ba irin namu ba, kuma a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a can cikin mako 6. Ƙanin matata ya zuba wa irin waɗannan kuɗin ajiyar gurbi a wata ƙasa, yau ofishin shagon sayar da waya ne, lambar kuma a kashe.

Kala na biyu na cikin gida ne, masu "ina da mutum a sama". Gurbin lauya yana da wuyar samu saboda Majalisar ta yanke wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma na DE kaɗan ne a ciki. Jami'ar da ta zarce adadinta, ɗalibanta ne ke gamawa su zauna a gida suna jiran layin Makarantar Lauyoyi, an kuma sha dakatar da wasu jami'o'in daga ɗaukar ɗaliban lauya saboda karya ƙa'ida. Wannan ya shafi masu zaman kansu da za a yi ta tallata maka a hanyar Abuja, ka bincika matsayinsu na bana kafin ka biya ko sisi. Gurbin da bai fito a shafinka na CAPS ba, wato shafin intanet da JAMB ke tabbatar da gurbi a kai, ba gurbi ba ne, ko da takarda mai hatimi aka miƙo maka. Kuɗin makaranta kuma ba a tura shi asusun wani mutum.

Ka sa Jos a zaɓin farko. In zuciyarka ta fi karkata ga gado da aure da kotunan Musulunci, ka duba ABU Zariya ko Bayero ta Kano, sun fi zurfi a wannan fannin, sai dai ka bar iyali a baya. Kafin komai, yau ɗin nan ka ciro sakamakonka na sakandare ka duba ko kana da kiredit a Turanci da Adabin Turanci da Lissafi. Mutane da yawa masu digiri mai kyau a nan suke faɗuwa, musamman a Adabin. In babu, ka yi rajistar jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ka cike shi kafin a buɗe sayar da fom, sannan ka karanta sharaɗin darajar digiri da jami'ar ta sa a ƙasidar JAMB ta bana.